Tambaya da Amsa: Srecko Katanec, Kocin da Ya Fito da Sunan Sulobeniya

Assalamu alaikum masu karatu. Tun bayan da ƙasar Uzbekistan ta samu gurbin shiga gasar cin kofin duniya ta 2026, wasiƙun da muke samu daga jihohin Zamfara da Kebbi suka karkata a kan mutum guda, wato kocin da ya shirya wannan tawaga amma bai kai ga ranar murnar ba. Mun zaɓi shida daga cikin tambayoyin, kuma mun jera su yadda labarin mutumin zai fito daga tushe.

Tambaya daga wani mai karatu a Gusau: Malam, barka da aiki. Gardama ta ƙi ƙarewa a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu game da Baturen da ya shirya tawagar Uzbekistan. Wasu sun ce ɗan Rasha ne, wasu sun ce ɗan Sabiya ne, har ma akwai masu cewa bai taɓa buga ƙwallon kirki ba. Don Allah a raba mana wannan gardama.

Amsa: Barka kadai, Malam. Sunan mutumin Srecko Katanec, kuma shi ba ɗan Rasha ba ne, ba ɗan Sabiya ba ne, ɗan Sulobeniya ne. An haife shi ranar 16 ga Yuli, 1963 a Ljubljana, babban birnin ƙasar. Masu danganta shi da Sabiya suna da ɗan uzuri, domin a lokacin da aka haife shi Sulobeniya da Sabiya da Kuroshiya da Masedoniya duk suna cikin tarayya ɗaya da ake kira Yugoslabiya, kuma sai a watan Yuni na 1991 ne Sulobeniya ta ayyana 'yancin kanta. Ƙasa ce ƙarama da ke tsakanin Italiya da Ostiriya da Hangari da Kuroshiya. Faɗinta ya ɗan ɗara rabin jihar Kebbi, mutanenta kuma kimanin miliyan 2 ne da 'yan kai, alhali ƙidayar 2006 ta nuna cewa Zamfara kaɗai tana da mutane sama da miliyan 3.

Masu cewa bai buga ƙwallon kirki ba kuwa, sun yi nisa da gaskiya. Katanec dogo ne, ɗan wasan tsakiya mai tare hanya, irin wanda aikinsa shi ne ƙwace ƙwallo ya miƙa wa gwanaye, kuma yakan koma cikin masu tsaron baya idan an buƙata. Ya fara suna ne a ƙungiyar Olimpija ta garinsu, ya wuce Dinamo Zagreb, sannan Partizan ta birnin Belgrade inda ya ci kofin lig na Yugoslabiya a 1987. Daga nan ya tafi Stuttgart ta Jamus, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1989 amma ta sha kashi a hannun Napoli ta Maradona. Mafi kyawun shekarunsa ya yi su ne a Sampdoria ta Italiya daga 1989 zuwa 1994, tare da Gianluca Vialli da Roberto Mancini. A can ya ci kofin Turai na ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙalubale na ƙasashensu a 1990, ya ci kofin Serie A a 1991, wanda har yau shi ne kaɗai Sampdoria ta taɓa ci, sannan ya buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a filin Wembley a 1992, ranar da Ronald Koeman ya ci wa Barcelona da bugun tazara a ƙarin lokaci. A tawagar Yugoslabiya ya samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya kuma je kofin duniya na 1990. Ciwon da ya yi ta fama da shi ne ya sa ya rataye takalminsa yana da shekara 31.

Ina so ka riƙe suna ɗaya daga zamansa na Sampdoria, wato kocinsa Vujadin Boskov, domin za mu sake haɗuwa da shi a amsa ta gaba.

Tambaya daga wani mai karatu a Argungu: Malam, na ji an ce shi ne ya fara kai ƙasarsa gasar nahiyar Turai da ta duniya. Ta yaya ƙasar da ba ta kai jiharmu yawan jama'a ba ta iya abin da manyan ƙasashe suke kasawa?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma wannan shi ne babin da ya fi armashi a tarihinsa. An ba shi tawagar ƙasa a 1998, bayan ɗan abin da ya yi da tawagar matasa 'yan ƙasa da shekara 21 da kuma 'yan watanni a ƙungiyar Gorica. A lokacin, Sulobeniya ta fito ne daga wasannin neman gurbin kofin duniya na 1998 tana ta ƙarshe a rukuninta ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, kuma mutanen ƙasar sun fi alfahari da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara fiye da ƙwallon ƙafa. Ba wanda ya sa masa rai da komai.

A wasannin neman gurbin kofin nahiyar Turai na 2000, tawagarsa ta zo ta biyu a bayan Norwe, ta sha gaban Girka, don haka aka haɗa ta da Yukren a wasan cike gurbi a watan Nuwamba na 1999. Yukren ta wancan lokaci tana da Andriy Shevchenko da Serhiy Rebrov a gaba, kuma ta gama rukunin da Faransa da Rasha suke ciki ba tare da an doke ta ba. A Ljubljana, Shevchenko ne ya fara jefa ƙwallo a raga, Zlatko Zahovic ya farke, sannan Milenko Acimovic ya hango gola ya baro gida ya ɗaga masa ƙwallo daga kusan tsakiyar fili, aka tashi 2 da 1. A wasa na biyu a Kyiv, cikin dusar ƙanƙara, Rebrov ya ci da fenareti, Miran Pavlin ya farke, aka tashi kunnen doki 1 da 1, Sulobeniya ta wuce.

Wasansu na farko a gasar, ranar 13 ga Yuni, 2000 a birnin Charleroi na Beljiyam, ya zo da wani abin al'ajabi, domin da Yugoslabiya aka haɗa su, ƙasar da suka ɓalle daga cikinta shekara tara da suka wuce, kuma mai horar da ita shi ne Boskov, malamin Katanec. Kafin a cika awa ɗaya da fara wasa, ɗalibi ya zura wa malami ƙwallaye 3 da nema, biyu daga ƙafar Zahovic ɗaya daga Pavlin, ga shi kuma an ba Sinisa Mihajlovic na Yugoslabiya jan kati. Amma tsakanin minti na 67 da na 73, mutum goman da suka rage suka farke duka ukun, aka tashi 3 da 3. Bayan haka Sifaniya ta doke su 2 da 1, suka yi canjaras babu ci da Norwe, suka koma gida da maki 2. Na tabbata waɗannan mintuna shida sun zauna a ran Katanec, domin duk tawagar da ya riƙe bayan nan, abin da ya fi bai wa muhimmanci shi ne kada a yi sakaci a baya ko da ana kan gaba.

Neman gurbin kofin duniya na 2002 ya fi wannan nuna ingancin aikinsa. Sun buga wasa 10 a rukunin da ya ƙunshi Rasha da Yugoslabiya da Suwizalan ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba, suka zo na biyu a bayan Rasha, sannan suka fitar da Romaniya, wadda Gheorghe Hagi yake horarwa, da ci 2 da 1 a gida da 1 da 1 a Bucharest. Wanda ya ci musu a Bucharest shi ne Mladen Rudonja, ɗan wasan gefe da ya shafe shekaru yana guje-guje domin wasu su ci, kuma wannan ne kaɗai ƙwallon da ya ci wa ƙasarsa.

Dangane da yadda hakan ta yiwu, ina ganin dalilai uku ne suka haɗu, kuma ba duka ne na koci ba. Sulobeniya ta gaji tsarin koyar da yara ƙwallo na Yugoslabiya, wanda ya yi suna a duniya wajen koyar da sarrafa ƙwallo da fahimtar wasa tun daga ƙuruciya, kuma daga wannan makaranta ce Bora Milutinovic, wanda ya jagoranci Najeriya a kofin duniya na 1998, ya fito. Sannan kasancewarta maƙwabciyar Italiya da Ostiriya ya sa 'yan wasanta suna samun ƙungiyoyi a waje cikin sauƙi. Abin da Katanec ya ƙara shi ne ya karɓi ƙarancin 'yan wasa a matsayin gaskiyar da za a yi aiki da ita. Ya zaɓi mutane kaɗan ya riƙe su shekara huɗu, kowa ya san wurinsa, kowa ya san wanda zai rufe masa baya, aka bar wa Zahovic 'yancin ƙirƙira a gaba. Ƙasar da take da 'yan wasa ɗari da za ta zaɓa a cikinsu takan faɗa cikin jarabar canza tawaga duk bayan rashin nasara, mu kuma a nan mun san wannan ciwo sarai.

Tambaya daga wani mai karatu a Ƙauran Namoda: Malam, da gaske ne ya kori gwarzon ɗan wasansa ana tsakiyar kofin duniya? Idan haka ne, ai shi ya jawo wa kansa faɗuwa, domin ba a yin fushi da mai ciyar da gida.

Amsa: Abin ya faru, Malam, amma labarin ya fi yadda aka ba ka faɗi. Ranar 2 ga Yuni, 2002 a birnin Gwangju na Koriya ta Kudu, Sulobeniya ta buga wasanta na farko a tarihin kofin duniya da Sifaniya. Bayan an ɗan wuce awa ɗaya da fara wasa, Katanec ya cire Zahovic, wanda a lokacin yake buga wa Benfica ta Fotugal. Zahovic ya fita a fusace, aka kuma tashi wasa Sifaniya tana da 3 Sulobeniya tana da 1. A ɗakin canza kaya ya gaya wa kocin maganganu masu zafi a gaban sauran 'yan wasa, har jaridu suka ruwaito cewa ya yi masa gorin dukiya, ya ce yana iya sayensa da gidansa. Akwai kuma wata tsohuwar ƙullalliya a ƙarƙashin rikicin, domin Zahovic mutumin Maribor ne, birni na biyu a ƙasar, Katanec kuma mutumin Ljubljana, kuma ɗan wasan ya zarge shi da fifita 'yan yankinsa. Katanec ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya sanar cewa zai ajiye aiki da zarar an gama gasar, hukumar ƙwallon ƙasar kuma ta sallami Zahovic zuwa gida bayan ya ci gaba da yin magana a bainar jama'a.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Afirka ta Kudu ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi, wanda Siyabonga Nomvethe ya ci tun a mintunan farko, kuma wannan ce nasararta ta farko a kofin duniya. A wasan ma alƙalin wasa ya kori Katanec daga benci, don haka daga cikin 'yan kallo ya ga Faraguwai ta doke tawagarsa 3 da 1 a wasa na uku.

Ka ce ba a yin fushi da mai ciyar da gida, kuma ba na musun cewa Zahovic shi ne mai ciyarwar, tunda har yau shi ne ya fi kowa ci wa Sulobeniya ƙwallaye, guda 35 a wasa 80. Amma ni ina tare da kocin a kan asalin hukuncin. Tawagar da aka gina a kan cewa kowa zai yi wa ɗan'uwansa gudu ba za ta rayu ba idan mutum ɗaya ya zagi shugaba a gaban kowa aka kuma sa shi a wasa na gaba kamar ba abin da ya faru, domin washegari babu wanda zai ƙara jin maganar kocin. Inda nake ganin laifin Katanec shi ne sanar da murabus ana tsakiyar gasa. Yara ashirin da wani abu da ba su zagi kowa ba sun wayi gari babu gwarzonsu, kuma kocinsu ya riga ya yi musu sallama, alhali saura wasa biyu da za su iya ci. Da ya danne zuciyarsa na mako biyu, da ya fi kyautata musu.

Irin wannan rikici ba baƙo ba ne. A wannan gasar dai ta 2002 aka sallami Roy Keane daga sansanin Ayalan bayan ya yi cacar baki da kocinsa Mick McCarthy, mu ma a nan gida ba mu manta da abin da ya shiga tsakanin Sunday Oliseh da Vincent Enyeama a 2015 ba, wanda ya kawo ƙarshen zaman golan a Super Eagles.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zuru: Malam, ina yi maka fatan alheri. Idan har mutumin nan gwani ne kamar yadda ake faɗa, me ya sa ba mu taɓa ganinsa a babbar ƙungiya ta Ingila ko Sifaniya ba, sai dai Iraƙi da Uzbekistan da makamantansu?

Amsa: Na gode, Malama, kuma tambayarki ta taɓa inda ya dace. Sau ɗaya ya gwada babbar ƙungiya, wato Olympiacos ta Girka, wadda ya karɓa a ƙarshen 2002, kuma bai wuce kimanin wata uku ba suka rabu da shugabanninta. Tun daga nan bai ƙara riƙe wata ƙungiya ba, sai tawagar ƙasa. Aikin nan biyu sun bambanta ƙwarai. Kocin ƙungiya yana tare da 'yan wasa kullum, yana hulɗa da mai ƙungiya da dillalan 'yan wasa, kuma dole ya iya lallashi da haɗiye magana. Kocin ƙasa yana samun 'yan wasansa na 'yan kwanaki ne kawai, ba ya iya sayen kowa, sai dai ya tsara waɗanda Allah ya ba ƙasar. Katanec mutum ne mai faɗar abin da ke ransa ba tare da ado ba, kuma irin wannan hali ya fi samun wurin zama a aiki na biyu.

Daga 2006 zuwa 2009 ya horar da Masedoniya, wadda yanzu ake kira Masedoniya ta Arewa. A zamaninsa ta riƙe Ingila babu ci a Old Trafford a watan Oktoba na 2006, ta doke Kuroshiya 2 da nema a 2007, ta kuma doke Sikotilan 1 da nema a 2008. Amma ƙarshen zaman ya yi kama da na 2002, domin ya ajiye aiki ne a watan Afrilu na 2009 bayan saɓani da Goran Pandev, babban tauraron ƙasar. Idan abu ya faru sau biyu, adalci ne a ce wani kaso na matsalar yana wurin kocin. Zamansa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa daga 2009 zuwa 2011 shi ne mafi rauni: tawagar ta fita daga kofin Asiya na 2011 ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba, aka kuma sallame shi bayan Kuwait da Labanon sun doke ta a jere. Ya koma gida ya sake riƙe Sulobeniya daga 2013 zuwa 2017, inda ya kai ta wasan cike gurbi na kofin Turai na 2016, amma a wannan karo Yukren ta rama abin da aka yi mata a 1999.

Aikinsa a Iraƙi, daga watan Satumba na 2018 zuwa tsakiyar 2021, shi ne wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ya karɓi tawagar ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, wadda ta shafe shekaru masu yawa ba a yarda ta buga manyan wasanninta a gida ba. Ya kai ta zagaye na biyu a kofin Asiya na 2019, inda Ƙatar, wadda ta ɗauki kofin a ƙarshe, ta fitar da ita da ci 1 da nema. A wannan shekarar dai ta kai wasan ƙarshe na gasar yammacin Asiya a Karbala, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin ƙasashen Tekun Fasha, sannan ta doke Iran 2 da 1 a watan Nuwamba, a wasan da aka mayar birnin Amman na Jodan saboda zanga-zangar da ake yi a Iraƙi. Ya tsallakar da ita zuwa zagayen ƙarshe na neman gurbin kofin duniya na 2022, sannan ya tafi saboda an riƙe masa albashi na watanni. Malama, ke da kike aikin koyarwa ba sai an yi miki bayanin abin da riƙe albashi yake yi wa zuciyar ma'aikaci ba, kuma hukumar ƙwallon Najeriya ma ta sha shiga irin wannan rigima da masu horarwa, na gida da na waje, har ta kai Gernot Rohr ya kai ƙara FIFA bayan sallamarsa a 2021.

Saboda haka rashin ganinsa a Ingila ba shi ne ma'aunin gwanintarsa ba. Wanda aka ba tawagar da ta saba cin kofi ana auna shi da kofi, wanda kuma aka ba Iraƙi ko Masedoniya ana auna shi ne da inda ya same ta da inda ya bar ta.

Tambaya daga wani mai karatu a Jega: Malam, na tuna Sulobeniya ta doke Aljeriya a kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Shi ne kocin a lokacin?

Amsa: A'a, Malam, wannan Matjaz Kek ne, mutumin Maribor, wanda aka haifa a 1961. Shi bai yi suna a matsayin ɗan wasa kamar Katanec ba, domin a gida da Ostiriya ya yi wasansa. Ya karɓi tawagar ƙasa a 2007, ya fitar da Rasha ta Guus Hiddink a wasan cike gurbi a 2009, bayan an doke su 2 da 1 a Mosko sun kuma ci 1 da nema a Maribor, ƙwallon da suka ci a waje ya tsallakar da su. A Afirka ta Kudu, kyaftin Robert Koren ne ya ci Aljeriya, wadda ita ce nasarar Sulobeniya ta farko a babbar gasa. Sun yi 2 da 2 da Amurka bayan sun kai hutun rabin lokaci suna da 2 da nema, Ingila ta doke su 1 da nema, kuma suna dab da wucewa zagaye na biyu sai Landon Donovan ya ci wa Amurka Aljeriya a mintunan ƙarshe na ɗaya wasan.

Shi ma Kek ya gwada waje. Zamansa a Al-Ittihad ta Jidda bai wuce 'yan watanni ba, amma a Rijeka ta Kuroshiya ya yi abin tarihi a 2017, lokacin da ya ci mata kofin lig na farko a tarihinta, ya katse wa Dinamo Zagreb jerin shekara 11 tana ɗauka, ya kuma haɗa da kofin ƙalubale. Ya dawo tawagar ƙasa a 2018 ya kai ta kofin Turai na 2024 tare da gola Jan Oblak da Benjamin Sesko, inda ta yi kunnen doki da Denmak da Sabiya da Ingila ta wuce zagaye na biyu, Oblak ya tare fenaretin Cristiano Ronaldo, amma Fotugal ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Idan kofi da sakamakon gasa ake dubawa, Kek yana gaba. Katanec kuwa shi ne ya fara nuna wa 'yan ƙasar cewa abin mai yiwuwa ne.

Tambaya daga wani mai horar da matasa a Talatar Mafara: Malam, ni ƙaramin koci ne, ina da yaran da nake horarwa da yamma, kuma sau da yawa idan yaro ya fara kyau sai wani ya ɗauke shi, sunana ma ba a ambata. Shi ya sa labarin Uzbekistan ya dame ni. Tsakanin Katanec da wanda ya gaje shi, wa ya kamata a yaba wa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Koci, Allah ya saka maka da alheri a kan yaran nan. Bari mu bi abin daki-daki. Uzbekistan ta daɗe tana zuwa bakin ƙofa tana komawa. A 2005 ta doke Bahrain a wasan cike gurbi, aka soke sakamakon saboda kuskuren alƙalin wasa, da aka sake bugawa kuma Bahrain ta wuce. A neman gurbin 2014, bambancin ƙwallaye ne ya fifita Koriya ta Kudu a kanta, sannan Jodan ta fitar da ita a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Katanec ya karɓe ta ne a watan Agusta na 2021, bayan ta kasa kaiwa ko zagayen ƙarshe na neman gurbin 2022.

A kofin Asiya da aka buga a Ƙatar a farkon 2024, ya kai ta wasan dab da na kusa da na ƙarshe ba tare da kyaftinta Eldor Shomurodov ba, wanda ya ji rauni, kuma sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida mai masaukin baƙi ta fitar da ita. A zagayen da ya raba gardama na neman gurbin 2026, an buga wasa 6 cikin 10 a zamaninsa, tawagar ta tara maki 13, tana ta biyu a bayan Iran, a gaban Daular Larabawa da Ƙatar. A watan Janairu na 2025 ya ajiye aiki saboda rashin lafiya. Timur Kapadze, ɗan ƙasar, ya karɓa, kuma ranar 5 ga Yuni, 2025 canjaras babu ci da Daular Larabawa a Abu Dhabi ya tabbatar wa Uzbekistan gurbi, ta zama ƙasa ta farko daga tsakiyar Asiya da ta samu wannan dama.

Duk manomin shinkafa a fadamar Bakolori ya san cewa ranar girbi ce ake tara mutane, amma yawan buhu an riga an yanke shi tun lokacin gyaran ƙasa da dashe da ban ruwa. Maki 13 daga cikin 21 da ƙasar ta gama da su na zamanin Katanec ne, haka ma tsarin tsaron bayan da ya sa cin Uzbekistan ya zama aiki. Sai dai Kapadze ba ɗan cin banza ba ne, domin shi ne ya horar da tawagar matasan ƙasar har ya kai ta gasar Olamfik ta 2024 a Faris, kuma da yawa daga cikin yaran da suka shigo babbar tawaga, ciki har da Abdukodir Khusanov da ya koma Manchester City a farkon 2025, sun bi ta hannunsa. Dole kuma a faɗi cewa ƙara yawan ƙasashen gasar zuwa 48 ya ba nahiyar Asiya gurabe 8 na kai tsaye, wanda ya sauƙaƙa hanya. Abin da ya ƙara ba ni tausayi shi ne, shi kansa Kapadze bai tsira ba, domin a watan Oktoba na 2025 hukumar ƙasar ta ɗauko Fabio Cannavaro na Italiya ta ba shi tawagar.

Mu a Najeriya mun fi kowa sanin wannan labari. Marigayi Shuaibu Amodu ya samar wa Super Eagles gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, kuma duka biyun an cire shi kafin a tafi, aka ba Festus Onigbinde na farko, aka ba Lars Lagerback na biyu. Marigayi Stephen Keshi ya samar wa Togo gurbinta na farko a 2006, amma Otto Pfister ne ya zauna a benci a Jamus. Bambancin Katanec da su shi ne, shi ciwo ne ya raba shi da aikinsa, su kuma mutane ne suka raba su.

Game da yaranka kuwa, akwai abin da za ka iya yi tun yanzu. Ka yi wa ƙungiyarka rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ka kuma yi wa kowane yaro rajista da sunan ƙungiyar tare da amincewar iyayensa a rubuce, ka ajiye kwafin takardun. Dokokin FIFA sun tanadi diyyar horarwa ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tun daga shekara 12, sun kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa zuwa wata ƙasa domin a raba wa ƙungiyoyin da ya bi ta hannunsu tsakanin shekara 12 da 23, amma ƙungiyar da ke da rajista da shaida a rubuce ce kaɗai take iya neman wannan haƙƙi. Ka kuma nemi shiga kwas ɗin lasisin koci idan hukumar jiha ta sanar, domin da wannan takarda ce ake fara tambayar mutum a duk inda ya je neman aiki.